Ɗan Zongo, Filin Jirgi da Maganar Mota

Duk wanda ya kwana a Zongo ya san rugugin jirgin da ke tashi daga Cadjehoun. Filin ba shi da nisa da mu: in ka tare zem a bakin Babban Masallaci, mintoci kaɗan ne za ka hango katangarsa. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Yaranmu sun tashi suna ɗaga kai suna bin jirage da kallo, kuma jefi-jefi a kan sami wani mai ƙarfin hali da zai buɗe baki a gaban manya ya ce shi tuƙin jirgin sama yake so ya koya. Amsar da yake samu kowa ya san ta: "Kai da ko keke ba ka da shi? Ai wannan karatun 'ya'yan masu mota ne." Sai a yi dariya, a koma hirar canji da farashin kaya a Dantokpa, magana ta mutu a nan.

Abin da ya sa wannan amsa take ba ni mamaki shi ne garin da ake faɗinta. Kwatano garin motoci ne. Shekara da shekaru Bakano da Basakkwace da Bamaraɗe suna tahowa nan sayen mota, har "motar Kwatano" ta zama suna a bakin Hausawa, kuma ko da Najeriya ta hana shigar da motoci ta iyakokin ƙasa a farkon 2017 sunan bai ɓace ba. Samarin Zongo nawa ne suka yi dillanci a wuraren ajiye motocin nan na hanyar Sèmè? Nawa ne suka tuƙa motar wani daga bakin teku har Malanville, suka miƙa makulli, suka dawo a motar haya? Mutum ya tuƙa mota ɗari, ko ɗaya ba tasa. Idan akwai al'ummar da ya kamata ta san cewa mallakar abin hawa daban, isa wurin da za a je daban, to mu ne.

Duk da haka ba zan ce maganar manyan nan wofi ce ba. Akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, sai dai sun ɗora ta a kan mota alhali a kan lokaci ya kamata a ɗora ta. Koyon tuƙin jirgi ba kamar zuwa lakca ba ne, inda wanda ya makara zai lallaɓa ya zauna a baya ya ari littafin abokinsa. Jirgin koyo ƙarami ne, malami ɗaya ɗalibi ɗaya, kuma an raba yinin jirgin gida-gida tsakanin ɗalibai. Wanda aka ba ƙarfe bakwai, to tun kafin bakwai ya kamata ya iso, ya karanta rahoton yanayi, ya zagaya jirgin ya duba mai da tayoyi da fukafukai, ya zauna da malaminsa su tsara darasin ranar. Safiya kuwa ita ce zinariyar masu koyo, domin iska tana kwance. Da rana ta ɗaga ta gasa ƙasa, zazzafar iska ta fara hawa sama, sai ƙaramin jirgi ya dinga tsalle kamar kwalekwale a tafkin Nokoué. Wanda ya rasa gurbinsa na safe, na bayansa ya hau, shi kuma sai wani jiƙon.

Ga kuma yanayi, wanda ba ya shawara da kowa. Sabon ɗalibi da ido yake tuƙi, yana kallon ƙasa da gefen sama, kuma ƙa'idar irin wannan tuƙi ita ce a iya hangen aƙalla kilomita 5. In hazon hunturu ya sauko a Arewa, sai a yi kwanaki jirgin koyo bai motsa ba. Ran da gari ya washe kuma sai a kira kowa a ce maza. Ɗalibin da ke kwana bayan katangar filin zai iso cikin minti goma. Wanda ke wancan gefen gari sai ya shiga mota biyu, kafin ya iso an rufe jerin suna.

Wannan jinkiri kuɗi ne tsagwaronsa. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya, ICAO, ta sa mafi ƙarancin awa 40 a sama kafin a ba mutum lasisin farko, na tuƙa ƙaramin jirgi don kansa, sannan awa 200 kafin lasisin da ake cin abinci da shi, ko 150 ga wanda ya bi tsararren kwas a makarantar da aka amince da ita. Mafi ƙaranci ke nan. Hannu yana mantuwa: wanda ya yi mako uku bai hau ba, rabin darasinsa na gaba a tuna na baya zai tafi, kuma kowace awa da kuɗinta, injin na juyawa lissafi na hawa. Saboda haka wanda ba ya iya zuwa a kan kari ya fi kowa biya, kuma yawanci shi ne wanda ya fi kowa rashin abin biyan.

A ƙasashen Turai da Amurka matsalar ta fi fitowa fili. Manyan filaye sun cika da jiragen fasinja, ba wanda zai bar ɗan koyo ya yi ta kewaye yana sauka yana tashi a gabansu, don haka makarantun sukan koma ƙananan filaye a bayan gari, cikin gonaki, inda ƙasa ke da araha kuma ba maƙwabcin da zai yi ƙorafin ƙara. Motar haya ba ta cika bi ta can ba. 'Ya'yanmu da ke karatu a Faransa ko Kanada, in sha'awar ta kama su, da wannan bangon suke fara cin karo: jirgin ƙasa ya sauke ka a wani ƙauye, saura kilomita da yawa, ba zem ba kabu-kabu. Mu ma nan in aka duba, hanyar da ake bi ke nan. An daɗe ana maganar sabon fili a Glo-Djigbé, can nesa da tsakiyar gari, na Tourou ma a wajen Parakou aka gina shi. Zaman Cadjehoun a cikin gari wata alfarma ce da muka saba da ita har ba ma ganinta.

To, bari mu dubi inda ɗan Zongo zai fi saurin dosa in da gaske yake. Makarantar da sunanta ya fi fitowa a duk yankin nan tana cikin ƙasar Hausa: Kwalejin Fasahar Jiragen Sama ta Najeriya da ke Zariya, wadda aka kafa a 1964 da tallafin Majalisar Ɗinkin Duniya da ICAO. Tana horar da matuƙa, da injiniyoyin gyaran jirgi, da masu ba jirage hanya daga hasumiya. A nan Kyaftin Chinyere Kalu ta yi karatu, macen farko a Najeriya da ta zama matuƙiyar jirgin kasuwanci, daga baya kuma ta dawo ta shugabanci kwalejin. Abin lura ga zancenmu shi ne mazauninta. Tana Palladan, a bakin titin Sakkwato, tsakanin Kwangila da Samaru. Duk ƙaramar bas da a-daidaita-sahun da ke ɗaukar ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello ta ƙofarta suke wucewa, har mutanen gari suna kiran wurin "Aviation" kawai, ka faɗa wa direba ya sauke ka. Gari ya girma ya rungume filin. Bugu da ƙari kwalejin tana da ɗakunan kwanan ɗalibai. Waɗanda suka tsara ta tun farko sun gane cewa ɗan koyon jirgi kusa da jirginsa ya kamata ya kwana.

Ilori ta fi kusa da mu, kuma can ma akwai kwalejin da gwamnatin Jihar Kwara ta kafa a filin jirgin garin. Ga wanda kuma zuciyarsa take ga aikin sama amma ba lallai sai ya riƙe sitiyari ba, akwai EAMAC a Yamai, makarantar hukumar ASECNA da aka buɗe a 1963, inda ake koyar da ba jirage hanya, da hasashen yanayi, da kula da na'urorin sadarwa. Benin mamba ce a ASECNA, da Faransanci ake karatun, kuma da jarrabawar gasa ake shiga. Yaron da ya ci BAC ɗinsa da kyau a fannin lissafi da kimiyya ba shi da dalilin raina wannan ƙofa. Ban taɓa jin an tambayi mai neman shiga ɗaya daga cikin makarantun nan uku takardun motarsa ba.

Akwai wata mata da ya kamata kowane yaro a Zongo ya ji labarinta, sunanta Bessie Coleman. Baƙar fata ce 'yar Amurka, an haife ta a Texas a 1892, iyayenta talakawa masu aikin auduga. A Chicago gyaran farce take yi a shagon aski. Da ta nemi koyon tuƙin jirgi, makarantun ƙasarta suka ƙi ta, ga ta mace ga ta baƙa. Sai ta shiga ajin koyon Faransanci, ta tara kuɗi, wasu masu hali daga cikin baƙaƙen Chicago suka tallafa mata, cikinsu har da Robert Abbott mai jaridar Chicago Defender. A ƙarshen 1920 ta tsallaka teku ta shiga makarantar 'yan'uwan Caudron a Le Crotoy, wani ƙaramin gari a arewacin Faransa. Masu ba da tarihinta sun ce da ƙafa take takawa zuwa filin, tafiyar mil tara, wato wajen kilomita 14. Ranar 15 ga Yuni 1921 ta karɓi lasisinta na ƙasa da ƙasa. Mutane sukan tsaya a kan tafiyar ƙafar, su ce ga juriya. Ni abin da ya fi jan hankalina shi ne abin da ya riga tafiyar: ta koyi harshen da ake buƙata, jama'arta sun sa hannu a aljihu, kuma ta tashi ta koma garin da filin yake. Da tana Paris take kwana, ƙafa ba za ta kai ta ba.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu, ita ce ma asalin sunan unguwarmu. Zango wurin da ayari ke yada kaya ne. Kakanninmu fatake da suka bi hanyar Gwanja neman goro, daga Kano da Sakkwato, ta Nikki da Djougou har Salaga, watanni suke yi a hanya, kuma da yawa daga cikin 'yan ayarin ko jaki ba su mallaka ba, kai ne abin ɗaukar kayansu. Abin da ya riƙe wannan fatauci shi ne kowane gari akwai fatoma ko maigida: ya sauke baƙo, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye, ya tsaya masa in rigima ta taso. Wani Bature mai bincike, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan ya rubuta littafi sukutum a 1969 a kan yadda wannan tsari ya riƙe cinikin shanu da goro tsakanin Arewa da Kudu. Haka nan almajirci: uba ya ɗauki ɗansa ya danƙa wa malami a wani gari mai nisa, ba ya tambayar wace mota yaron zai dinga shiga, domin ya san a zauren malam zai kwana. Mun iya kai mutum kusa da abin da ya je nema. Har yau in Alhaji zai aika yaronsa Legas karɓo kaya, kafin yaron ya isa Mile 2 an riga an buga waya Agege an ce ga wane nan tafe.

Abin takaici, wannan igiya da ta haɗa Kwatano da Legas da Ibadan da Ilori da Kaduna da Zariya, muna jan ta don buhun albasa da bandir ɗin atamfa, amma ba ma tuna ta in maganar karatun zamani ce. Zariya garin Hausa ne. Da wuya a rasa gida a Zongo da ke da suruki ko abokin ciniki a Sabon Gari ko Tudun Wada ko Samaru. Ilori tana da unguwar Gambari tun zamanin da. Yamai kuwa ba sai an faɗa ba. Yaron da ya samu gurbi, ko bai samu ɗaki a cikin makaranta ba, abin da yake buƙata ɗaki ne a Palladan ko Kwangila, da babban mutum guda da zai ce "ɗana ne", da tsohon keke. In tazarar ta fi ƙarfin keke, a yi yarjejeniyar wata da mai babur ɗaya amintacce, wanda ya san ƙarfe nawa ake fita bayan asuba, kamar yadda iyaye mata a nan suke yi da mai zem ɗin da ke kai yara makaranta. Ɗalibai uku ko huɗu kuma suna iya haɗa kuɗi su ɗauki a-daidaita ɗaya. Duk wannan in aka tara shi bai kai kuɗin tayoyi da inshorar mota ba, balle motar.

Na san abin da mai karatu zai ce: "Malam, ka bar jaki kana dukan taiki. Kuɗin makarantar ne dutsen. Wanda ya iya biyan awa 200 a sama, kuɗin mota ba zai gagare shi ba." Gaskiya ne karatun yana da tsada ƙwarai, tsadar da ta fi ƙarfin yawancin gidajenmu, kuma ba zan rage mata nauyi ba. Amma zancen ya ɗauka cewa duk wanda ke cikin jirgin koyo ubansa ne ya biya, kuma ba haka abin yake ba. A mulkinsa na biyu, tsakanin 2011 da 2015, Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso ya tura matasan Kano 100 ƙasar Jodan koyon tuƙin jirgi da kuɗin gwamnati. Wasu soja ne ke horar da su, wasu kamfani, wasu dangi ne ke sayar da fili. Irin waɗannan su ne 'ya'yan marasa mota, kuma su ne ƙaramin abu ke kayarwa, domin mai biyan kuɗin makaranta ba ya biyan kuɗin ɗaki da na zirga-zirga da na magani ran da zazzaɓi ya kama yaro a baƙon gari. Mu kuwa a nan tsiraru ne, ba mu da gwamnan da zai tuna da mu a kasafinsa. Abin da muke da shi adashi ne, da ƙungiyoyin 'yan kasuwa, da sarkin Hausawa da fadarsa, da attajiran da ba sa ƙyashin kashe kuɗi a biki. Babban dutsen ba lallai mu iya ɗaga shi ba kowane lokaci. Ƙananan duwatsun kuwa, in suka kayar da yaronmu, laifinmu ne.

Akwai kuma maganar haɗarin babur, kuma ita ma ba abin wasa ba ce. Mun ga abin da titunan Kwatano suke yi wa masu zem da fasinjojinsu, shi ya sa hukuma ta matsa a kan hular kwano. Ga ɗan koyon jirgi abin ya fi tsanani, domin lasisinsa a rataye yake da takardar likita. Buguwa a kai ko rauni a ido na iya rufe masa ƙofar da aka kashe dukiya wajen buɗewa. Wannan ma hujja ce ta a rage tazarar tun farko. Tafiyar minti biyar a layin unguwa da hula a kai daban take da tafiyar awa guda a babban titi tsakanin tireloli. Haka batun 'ya'ya mata. Uban da ke fargabar 'yarsa ta hau bayan baƙon namiji da duhun asuba yana da hujjarsa, kuma ba a amsa masa da gori. A nuna masa gidan mutunci kusa da makaranta, da uwar ɗakin da za ta riƙe yarinyar kamar tata, sai a ga ko zai sake cewa a'a.

Sai hanyar zuwa can ɗin kanta, wadda mu mazauna bakin iyaka muka fi kowa sanin halinta. Najeriya ta rufe Sèmè-Kraké daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Gadar Malanville da Gaya ta shiga nata halin tun bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, har mutane suka koma tsallaka kogi a kwalekwale. Ɗalibin da ya tsara karatunsa a kan zai dinga leƙowa gida duk wata, siyasar da ba shi ya ƙulla ta ba tana iya raba shi da darasinsa. Gara ya tafi da niyyar zama, a bar zumunci ga waya har ya gama. Daga nan zuwa Zariya tafiya ce ta fiye da yini: Badagry, Legas, Ibadan, Ilori, a haye Kwara a Jebba, a bi har Kaduna, sannan saura kimanin kilomita 80. Ba tafiyar da za a yi ta yi ba ce.

Kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Yarjejeniyar ECOWAS ta ba ɗan Benin damar shiga Najeriya ba biza har kwana 90, amma karatu ya fi kwana 90, don haka takardar zama tana cikin lissafi. Lasisin da wata ƙasa ta bayar sai hukumar jiragen sama ta ƙasar da za a yi aiki ta tantance shi, a nan ita ce ANAC, kuma ya fi kyau a je a tambaye su sharuɗɗansu kafin a biya ko sisi. Gwajin likita ma a fara da shi, domin akwai wanda bai san idonsa ba ya rarrabe ja da kore ba sai ran da aka gwada shi. Sannan Ingilishi. Yaronmu ya tashi da Hausa a gida, Faransanci a makaranta, Fon ko Yarbanci ko Dendi a kasuwa, amma matuƙin da zai ƙetare iyakoki sai ya kai mataki na 4 cikin 6 a ma'aunin Ingilishi na ICAO, kuma a Zariya da Ilori da shi ake koyar da komai. Wannan shiri ba ya buƙatar fili ko jirgi ko abin hawa. A ɗakin uwarsa a Zongo zai fara shi, da waya a hannu, shekara guda kafin a rubuta wa mutanen Palladan cewa ga yaro nan zuwa.